Shekarar da Na Ɗauka Ta Saya Mini Kujera

Maki 11 na samu a jarrabawar IJMB ta share fagen shiga jami'a. Duk wanda ya san jarrabawar, idan na faɗa masa haka, cewa yake yi ai ka yi ƙoƙari, kuma ni ma na san na yi. Darussa uku ake ɗauka, kowanne makinsa mafi yawa biyar, sai a ƙara maka ɗaya idan ba ka faɗi ko guda ba, ka ga ƙololuwa 16 ke nan. Na ci B a Kemistire, C a Bayoloji, C a Fiziks. Ranar da sakamakon ya fito, a tsaye na ci tuwon dare don murna, ina gaya wa Umma ta fara kirana mai magani tun yanzu, domin Famasi zan karanta, kuma na riga na san ajin da zan zauna, har kujerar na sani.

Ba ƙari na yi ba da na ce na san kujerar. Bari in koma baya.

Na gama sakandare a Kano a 2021. Na zauna JAMB, jarrabawar neman shiga jami'a, a shekarar, na samu 186, makin da ba ya kai mutum ko bakin ƙofar Famasi a ko'ina. Na yi watanni ina bin Baba kasuwar Dawanau, inda yake sayar da gyaɗa da wake da riɗi, ina riƙe masa littafin bashi, ina ƙirga buhunan da 'yan dako ke saukewa. A nan wani abokin cinikinsa ya ba shi labarin makarantar share fage da ke cikin wata jami'ar jiha a maƙwabtanmu. Ba zan faɗi sunanta ba, don ba ƙararta na kawo ba. Ya ce ɗansa can ya bi, shekara ɗaya kacal, sai ga shi a aji biyu. Baba ya tambaye shi kuɗin, ya yi shiru na ɗan lokaci yana kaɗa ƙafa, sannan ya ce to.

Abin da ban fahimta ba a lokacin, kuma da yawa cikin waɗanda muka shiga tare ba su fahimta ba, shi ne abu biyu ake yi a makarantar, duk kuma sharar fage mutanen gari ke kiransu. Akwai rimediyal, wadda jami'ar ce da kanta ke koyarwa, ta shirya jarrabawa, ta yi maki, kuma idan ka ci, sai ka haɗa da makin JAMB ka shiga aji ɗaya a wannan jami'ar dai. Takardar nan ba ta tafiya ko'ina. Idan ka ɗauke ta ka kai wata jami'a, kallonka kawai za a yi. Sai kuma IJMB, wadda Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ke tsara manhajarta da jarrabawarta, makarantu da dama kuma suna koyar da ita a ƙarƙashin kulawarta. Da wannan ake neman shiga aji biyu kai tsaye, abin da ɗalibai ke kira DE. Ni IJMB na cike, amma ba don na san wannan bambancin ba. Magatakardan da ya karɓi fom ɗina ne ya duba sakamakona na NECO, ya ga kiredit ɗina sun cika har da Turanci da Lissafi, ya ce, "Kai wannan za ka yi," ya tura mini takarda. Allah ya saka masa da alheri duk inda yake.

Ba mu daɗe da fara karatu ba ƙungiyar malaman jami'o'i, ASUU, ta tafi yajin aiki, ranar 14 ga Fabrairun 2022, ba ta dawo ba sai 14 ga Oktoba. Wata takwas cur. Mu ba a sallame mu ba, domin yawancin masu koyar da mu ba a tsarin manyan malaman jami'ar suke ba. Sai ya zama jami'a guda, da faɗinta da gine-ginenta, ta koma hannunmu, mu 'yan share fage da masu gadi da awakin ƙauyen da ke kusa. Da la'asar ni da abokina, wani ɗan Gumel da muke ɗaki ɗaya, mukan ɗauki littattafai mu tafi tsangayar Famasi. Akwai wani ɗakin lakca da makullinsa ya lalace, ana tura ƙofar da kafaɗa ta buɗe. Mu share ƙura, mu zauna a layi na uku kusa da taga, inda inuwar darbejiya ke faɗowa. A nan na haddace jadawalin sinadarai, a nan na fara gane yadda ake daidaita lissafin mol. Wani lokaci abokin nawa ya hau mumbarin malami ya riƙa kwaikwayon farfesa, ni kuma ina ɗaga hannu ina tambaya. Mukan leƙa dakin gwaje-gwaje ta gilashi, mu ga kwalabe jere da rubutu a jikinsu, mu ce saura kaɗan.

To ka ga mutumin da ya yi wata takwas a haka, yaya za ka gaya masa cewa shi baƙo ne a wurin? Na san mai shayin da ke ba da bashi, na san famfon da ke kawo ruwa da asuba, na san limamin masallacin hostal da surorin da yake so. Kuma a ranar da aka yi mana taron maraba, wani babba ya tsaya ya ce mana mu ne 'ya'yan gida, duk wanda ya yi ƙoƙari jami'a ba za ta bar shi ya tafi ba. Mun tafa. Babu wanda ya tambaye shi ƙoƙari nawa, kuma a wane kwas.

Fom ɗin DE na saya a farkon 2023, daidai lokacin da aka canza takardun Naira kuɗi suka ɓace daga hannun mutane. A shekarar JAMB ta ce rajistar DE sai a ofisoshinta kawai, ba a shagunan kwamfuta ba, saboda yawan takardun bogi da aka gano ana shiga jami'a da su, kuma sai an tantance sakamakon kowa daga inda ya fito. Ban ga laifin wannan ba, don mu da muka sha wahalar karatun ya fi yi wa daɗi. Sai dai ranar na bar gida bayan sallar asuba da Naira 700 a aljihu, waɗanda Umma ta tono daga ƙasan adakarta, tsofaffin kuɗi, ina addu'ar mai adaidaita ya karɓa. Na tura lambar NIN ɗina zuwa 55019 aka turo mini lambar rajista, na bi layi, aka ɗauki hoton yatsuna. Da aka zo wurin zaɓin jami'a, ma'aikaciyar ba ta gama tambaya ba na faɗi sunan tamu. Kwas, Famasi. Ta ce zaɓi na biyu fa? Na ce ta sa duk abin da ta ga dama.

Daga nan sai jira. Tun 2017 duk wani gurbin jami'a ta manhajar CAPS yake fitowa: jami'a ta miƙa sunanka, JAMB ta amince, kai kuma ka shiga ka danna ka karɓa ko ka ƙi. Na mayar da duba CAPS kamar wuridi, safe da rana da dare. Datar da na ƙona a watannin nan ta isa sayen buhun masara. Kullum abu ɗaya shafin ke nuna mini, ba a ba ka ba tukuna.

A cikin wannan jiran na yi wautar da har yau nake jin kunyarta. Wani mutum da ke yawan zama a bakin ofishin makarantarmu, kullum da fayil a hammata, kowa na ce masa Yallabai ba tare da an san ainihin aikinsa ba, ya kira ni gefe ya ce ya ga sunana a jerin farko amma ana neman ture shi. Ya ce Naira dubu 80 za ta tsayar da shi. Ban iya tunkarar Baba ba, don na san amsarsa. Yayata na samu a gidanta, ta ɗauko kuɗin adashin da ta kwasa don sayen keken ɗinki, ta ƙirga mini, ta ce, "Ka dai tabbata, ƙanina?" Na ce na tabbata. Mako biyu yana ɗaga wayata yana cewa an kusa, a na uku layin ya daina shiga. Daga baya na ji mu bakwai ne ya yi wa haka a ajinmu kaɗai. Abin da ya fi ba ni haushi, ba wayo ya fi ni ba. Na san babu wani jerin da ake tsayarwa da kuɗi a hannun mai yawo da fayil. So nake a gaya mini kujerata tana nan, shi kuma ya gaya mini.

Da jerin farko ya fito babu ni, na biyu ma babu ni, Baba ya ce in shirya mu je. Ban taɓa ganin ya bar rumfa ranar kasuwa ba sai ranar. Ya sa babbar rigarsa ta zuwa ɗaurin aure, muka hau mota. An riga an cire tallafin mai tun ƙarshen watan Mayu, kuɗin mota ya ninka, ina kallonsa yana biya yana girgiza kai.

Jami'in da muka samu, in faɗi gaskiya, bai wulaƙanta mu ba. Ya ba Baba kujera, ya sa aka kawo ruwa. Ya buɗe wani fayil ya juyo mana da shi. Ya ce, "Alhaji, ka ga Famasi ba mu muke yanke yawan ɗaliban da za mu ɗauka ba, hukumar masu harhaɗa magunguna ce ke ƙayyade wa kowace jami'a adadinta. Yawancin kujerun aji biyu kuma na waɗanda suka taso daga aji ɗaya ne. 'Yan kaɗan da suka rage su ake raba wa 'yan DE, kuma ba yaranmu na share fage kaɗai ke nema ba, akwai masu difloma, har da masu digiri na farko da suka dawo." Ya sa yatsa a kan jerin, na ga 15, 14, 14, 13. Sannan ya rage murya ya ce, "Kuma jami'ar jiha ce, Alhaji. Da kuɗin jihar ake tafiyar da ita. 'Yan asalin jiha ake fara dubawa." Ya ce idan muna so, akwai wuri a sashen nazarin tsirrai, yau ma zai iya sa sunana.

Ni na buɗe baki na ce, "Amma Yallabai, an ce mana mu 'ya'yan gida ne." Ya dube ni, ba da fushi ba, ya ce, "Wa ya rubuta maka?"

Muna fita Baba bai ce komai ba har muka wuce gaban tsangayar Famasi. Ɗalibai sun dawo, wurin cike, an gyara makullin ɗakin nan. Na hango wata yarinya zaune a layi na uku kusa da taga tana cin gyaɗa. A bakin get Baba ya tsaya sayen ruwa, sannan ya ce, "Kai da ka yi wata shida a rumfata. Mutum ya zo ya zauna a kan buhu tun safe, ya sha ruwana, ya yaba kaya, ya taya. Kayan sun zama nasa?" Na ce a'a. Ya ce, "Sai na ce me?" Na ce sai ka ce ka sallama. Ya ce, "To su albarka suka ce maka. Ba zagi ba ne. Ka taya a gaba."

A lokacin maganar ba ta yi mini daɗi ba ko kaɗan. Na yi kwana uku ba na fita ko masallacin unguwa sai da duhu, don kada a tambaye ni ina aka kwana. Abokina ɗan Gumel ya karɓi nazarin tsirrai, ya kira ni ya ce in zo kawai mu ci gaba da zama ɗaki ɗaya, in ya so daga baya mu nemi canjin kwas. Na kusa yarda. Ba don ina son tsirrai ba, don dai ƙafata ta san hanyar wurin.

Malaminmu na Kemistire ne ya fitar da ni. Na je gaishe shi ne kawai, na ba shi labari. Ya ce in miƙo takardar sakamakon, ya riƙe ta ya ce, "Karanta mini sunan da ke sama." Na karanta. Ya ce, "Ka ga sunan jami'ar nan a wurin? Mu aji muka ba ka da allo. Takardar daga Zariya take, kuma jami'o'i da yawa suna karɓarta, musamman a nan Arewa. Da rimediyal ka yi, da sai in ce ka haƙura ka karɓi abin da aka ba ka. Amma kai guzurinka a hannunka yake." Shi ya yi mini bayanin cewa a jami'o'in tarayya kason ɗauka a rubuce yake: kashi 45 cikin ɗari cancanta, 35 jihohin da ke kewayen jami'ar, 20 jihohin da aka lasafta a baya wajen ilimin boko. Ya kuma gaya mini abin da ba na son ji, cewa da maki 11 in cire Famasi daga raina a ko'ina, sai dai idan zan sake shekara. Ya ce, "Amma na ga yadda kake son Kemistire na halittu. Ka nemi Bayokemistire. Rabin abin da ya ja ka zuwa Famasi yana can."

Na koma ofishin JAMB na cike fom ɗin canjin jami'a da kwas. Kafin nan sai da na yi abin da ya kamata in yi tun shekara guda baya: na zauna da ƙasidar JAMB na bi jami'a bayan jami'a, wace ce ke karɓar IJMB a wannan kwas, waɗanne darussa take so, wace ce ba ta rufe ɗaukar 'yan DE ba. Na kira duk wanda na sani yana karatu a wani wuri. A ƙarshe na tsaya a kan Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato, garin da ban taɓa takawa ba, ban kuma san kowa a cikinsa ba sai wan wani abokina.

Akwai ɗan tsaiko wajen tantance sakamakona, don sai da na yi sawu uku zuwa tsohuwar makarantarmu kafin a tura abin da ya kamata a tura. Wannan ya wuce. Wani dare wajen ƙarfe ɗaya, na farka na duba waya bisa al'ada, sai na ga shafin ya canza. Ban ta da kowa ba. Na danna na karɓa, na sake dubawa sau uku, na ajiye wayar a ƙirjina na kwanta ina kallon silin har aka kira assalatu.

Umma ce ba ta yi murna ba. Ba karatun ne damuwarta ba, hanyar ce. Duk wanda ke Arewa ya san abin da ake nufi idan aka ce Funtuwa zuwa Gusau, wato fargabar 'yan bindiga. Ta ce ita da in zauna in karanta tsirrai ina dawowa gida lafiya ya fi mata. Sai da Baba ya yi mata alkawarin ba zan taɓa yin tafiyar yamma ba, kuma ba zan riƙa zuwa gida ba sai hutun ƙarshen zango. Ranar tafiya ta haɗa mini garin kwaki da ƙuli-ƙuli da yaji da soyayyen nama a gwangwanin madara, ta tofa mini addu'a a ka kamar ƙaramin yaro. Motar ta tashi da sassafe. Daga Funtuwa hira ta ragu, a tsakanin 'Yankara da Tsafe ta mutu gaba ɗaya, kowa bakinsa na motsi, direba ya kashe rediyo. Sai da muka wuce Gusau, muka tsaya a Talatar Mafara aka ci abinci, sannan wani dattijo a bayana ya yi gyaran murya ya ci gaba da labarin da ya yanke tun awa uku baya, daidai inda ya tsaya. Tureta, Dange, Shuni, sai ga Sakkwato da la'asar.

Jami'ar, wadda aka kafa a 1975, mazauninta na dindindin yana wajen gari, sai ka tsallake gulbin Rima ka wuce Kwalkwalawa inda ake sayar da kifi a bakin hanya. Na isa da hunturu, na ce ashe zafin da ake ba da labari ƙari ne. Da azumi ya kama a watan Maris na janye maganata.

Nan ne kuma na gane kuɗin da ɗan DE ke biya wanda ba a rubuta shi a rasit. Kai sabo ne, amma ba a lasafta ka cikin sababbi. 'Yan aji ɗaya tare suke ɓata hanya, tare suke tambaya, babu mai jin kunya. Kai kuwa an jefa ka cikin mutanen da suka riga suka yi shekara tare, sun san wane malami ne ke rufe ƙofa da ƙarfe takwas, sun san wa ke da tsofaffin tambayoyin jarrabawa, sun raba kansu rukuni-rukuni. An ce baƙo ko da ido makaho ne. Sati biyu na yi ban san an buɗe wa ajinmu zauren WhatsApp ba, a can ake sanar da canjin lokacin lakca, ni kuwa ina zuwa in tarar da ɗaki wayam in zauna ina jira. Ga kwasa-kwasan bai ɗaya na aji ɗaya da dole sai ɗan DE ya ɗauka a kan nauyin aji biyu, wani lokaci su yi karo a awa ɗaya, ka rasa wanda za ka bari. Ga kuma lissafin da wani ɗan aji huɗu ya zauna ya yi mini a bayan littafi: su 'yan aji ɗaya sukan tara maki a shekarar farko da darussa ke da sauƙi, ya zama musu matashi idan abubuwa sun yi tsauri. Ni daga aji biyu za a fara ƙirga nawa. Shekara uku ce da ni, babu ta gwaji.

Har Hausar sai da na sake koyo. Ranar farko mai abinci ta ce mini, "Mi kaka so?" na tsaya ina kallonta. Su kuma suna jin na ce "lafiya lau" da "yanzu-yanzu" irin ta Kano sai su ce ga Bakano ya zaka. Wata uku ina kwana a katifar da na shimfiɗa tsakanin gadaje biyu a ɗakin wan abokin nan nawa, ina naɗe ta da asuba in tura ƙarƙashin gado.

Ranar da abin ya fara juyawa, a ɗakin gwaje-gwaje ne. An raba mu rukuni, aka cusa ni cikin wasu huɗu da suka saba aiki tare, ba su ko tambayi sunana ba. Aikin auna asid ne, ana ɗiga ruwan sinadari daga dogon bututun gilashi har launin ya juya. Sau biyu suna zarcewa, ruwan ya yi ja jawur maimakon ɗan ruwan hoda mai haske da ake nema. Na ce su ba ni in gwada. A share fage malaminmu ya sa mun yi wannan aikin har hannu ya haddace, domin jarrabawar IJMB tana da ɓangaren aiki da hannu kuma ba a yi mana sassauci. Na riƙe famfon da hagu, ina juya kwalbar da dama, ɗigo ɗaya, ɗigo ɗaya, rabin ɗigo, launin ya tsaya inda ake so. Wani ɗan Zuru a cikinsu ya leƙa ma'aunin, ya leƙa fuskata, ya ce, "Kai ɗan DE, ina ka koyi wannan?" Da yamma ya sa ni a zauren ajin. Shi ne abokin karatuna har yau.

Ba zan ce komai ya zama daidai daga nan ba. Na faɗi kwas ɗaya a zangon farko, ɗaya daga cikin na aji ɗayan nan da nake raina wa, saboda karon lokaci ya sa na bar halartarsa, sai da na sake shi a shekara ta gaba. Kuma har yanzu idan na ga 'yan Famasi da fararen rigunansu, wani abu yakan ɗan motsa mini a ƙirji. Abokina ɗan Gumel bai samu canjin kwas ɗin da muka yi mafarki ba, amma ya kama tsirrai da gaske, yanzu maganar irin shuka da ba ya jin fari yake yi mini a waya har in gaji. Ban isa in ce na fi shi dacewa ba. Abin da na sani kawai, shi ya zauna ne bayan ya san zai iya tafiya, domin na gaya masa duk abin da malaminmu ya gaya mini. Akwai 'yan ajinmu da suka karɓi abin da aka miƙa musu suna zaton takardarsu ba ta da daraja a wajen get ɗin nan, wasu kuma suka koma gida suka sake zama JAMB daga farko da sakamako mai kyau a cikin akwati. Waɗannan nake tunawa idan ƙannen abokaina suka kira ni suna tambaya a kan share fage. Tambayar farko da nake musu ita ce wace iri, kuma sunan wa ke saman takardar. Yawancinsu ba su sani ba, alhali an riga an biya kuɗin.

Kuɗin Yayata na biya ta a hankali, daga abin da nake samu ina koya wa 'yan sakandare Kemistire a hutu. Ta sayi kekenta, ko da yake farashinsa ya kusa ninkawa kafin in gama biya, ta kuma hana ni cika mata bambancin. Baba bai san labarin ba sai bara, da bakina na gaya masa. Ya yi dariya har da tari, ya ce da na kawo masa dubu 80 ɗin da shi ma ya gaya mini kujerata tana nan.

Shi dai har yanzu bai iya faɗin sunan kwas ɗina ba. Idan abokan kasuwa suka tambaye shi, cewa yake yi ina karatun abin da ke cikin abinci. Da na zo zaɓen aikin binciken kammalawa, na ɗauki gubar afalatoksin, wadda wani nau'in fumfuna ke haifarwa a gyaɗa da masara idan an adana su da danshi, wadda ke lalata hanta, kuma take sa masu sayen kaya zuwa ƙasashen waje su ƙi kaya bayan an gwada. Da na yi masa bayani a hutun da ya wuce, ya ajiye carbinsa ya saurare ni har ƙarshe, abin da bai taɓa yi ba a kan karatuna. Ya ce ashe wannan baƙin da ke fitowa a gyaɗar da aka yi saurin zubawa a buhu yana da suna.

Washegari ya kai ni sito da kansa. Ya sa aka sauke buhu uku, ɗaya daga sama, ɗaya daga tsakiya, ɗaya daga can ƙasa jikin bango inda damina ke tsattsafowa. Ya soka bututun awo a kowanne, ya zuba mini a leda daban-daban, ya ƙulle bakinsu da kansa. Na ɗauko biro zan rubuta a jikin ledojin inda aka samo su, ya riƙe mini hannu.

"Rubuta Dawanau kawai," ya ce. "Kada in ga sunan rumfata a takardar nan."